Ƙasar "Sai Baɗi": Makiyayan Yammacin Amurka Da Hunturun 1887

A farkon shekarar 1887, wasu 'yan kasuwa biyu na garin Helena, a yankin Montana da ke arewa maso yammacin Amurka, sun aika wa wakilin da ke kula musu da shanu kimanin 5,000 a daji da takarda, suna neman ya sanar da su halin da dukiyarsu take ciki. Wakilin ya zauna zai ba da amsa, ya rasa ta inda zai fara. Sai wani saurayi mai suna Charles Russell, wanda ke cin hunturu a gandun, ya ɗauki 'yar takarda da ba ta fi tafin hannu ba, ya zana sa guda ɗaya, ƙashi da rai, yana tsaye cikin dusar ƙanƙara, kyarketai na kewaya shi suna jiran ya faɗi. Wakilin ya duba, ya ce wannan ya wadatar, aka aika da hoton.

Masana tarihin tattalin arzikin Amurka suna ɗaukar wannan hunturu na 1886 zuwa 1887 a matsayin ƙarshen zamanin kiwon sake a filayen yamma. An ƙiyasta cewa Montana kaɗai ta yi asarar kimanin kashi 60 cikin 100 na shanunta, a wasu garkunan kuwa da ƙyar kashi 10 cikin 100 suka tsira. Kamfanoni masu jarin miliyoyin daloli sun durƙushe cikin 'yan watanni. Sai dai abin da ya kamata ya ɗauki hankalin ɗan kasuwa shi ne, daga cikin waɗanda masifar ta auka wa akwai mutanen da suka miƙe suka karkaɗe riga, kafin shekara goma ta zagayo sun fi da arziki. Da su da waɗanda suka karye duka masu kyakkyawan zato ne, domin babu mai kai dukiyarsa dajin da ba likita, ba alƙali, ba maƙwabci, sai mai dogon buri. Inda suka rabu shi ne abin da kowa ya jingina zatonsa a kai.

Asalin cinikin

Lokacin da yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865, jihar Teksas tana cike da miliyoyin shanu masu dogayen ƙahoni, waɗanda suka hayayyafa a daji babu mai kula da su. A can, sa bai wuce dala 4 ba. A biranen arewa, inda masana'antu ke tara ma'aikata masu bukatar nama, wannan sa ɗin yana iya kai dala 40. Tsakanin farashin biyu akwai tafiyar mil ɗaruruwa da ƙafa. A 1867 wani dillali mai suna Joseph McCoy ya gina zangon shanu a Abilene, wani ƙauye a kan layin dogo a jihar Kansas, ya aika wa makiyayan Teksas cewa su koro, akwai taragu. A shekarar farko ya loda shanu kimanin 35,000. A 1871 waɗanda aka koro zuwa Kansas sun kai wajen 600,000.

Masu koren su ne kaboyin da aka saba gani a majigi, ko da yake na gaskiyar ba su yi kama da na hoton ba. Lebura ne masu albashin dala 25 zuwa 40 a wata, da yawa daga cikinsu 'yantattun bayi baƙar fata ne da mutanen Meziko. Mutum goma ko goma sha biyu sukan kora garken shanu 2,500 zuwa 3,000, suna cin mil 10 zuwa 15 a rana, su yi wata biyu ko uku a kan burtali.

Daga nan sai ido ya koma kan filayen arewa, wato Wayomin da Montana da Dakota. Ya kamata a faɗi gaskiya a nan: waɗannan filaye ba su zama "babu kowa" don kansu ba. Sojojin gwamnati ne suka tattara ƙabilun asali na ƙasar suka tsare su a keɓaɓɓun wurare, maharba kuma suka ƙarar da ɓaunar da ƙabilun ke rayuwa a kanta, daga miliyoyi barkatai zuwa 'yan ɗaruruwa a ƙarshen shekarun 1880. Ciyawar da ɓauna ta bari ita ce makiyaya suka samu a banza. Ƙasar ta gwamnati ce, babu haya, babu shinge. Mutum ya mallaki bakin rafi guda, ya sa wa shanunsa tambarin wuta, ya sake su. Sau biyu a shekara maƙwabta su haɗu su tattaro dabbobin, kowa ya ware nasa, a yi wa maruƙa tambari, a kai ƙosassu tasha.

Lissafin kuwa mai daɗi ne a takarda. Maraƙi na 'yan daloli zai ci ciyawar da ba a saya ba har shekara uku ko huɗu, a sayar da shi ninkin ba ninkin. A Shikago an riga an buɗe babbar kasuwar shanu tun 1865, Gustavus Swift kuma ya inganta tarago mai sanyi da ke kai nama biranen gabas bai lalace ba. A 1881 wani hafsan soja, James Brisbin, ya wallafa littafi a kan yadda ake yin arziki da shanu a filayen yamma, cike da jadawalin riba. Masu kuɗin Landan da Edinbara da Dundee suka yi ca. Kamfanin Prairie na Edinbara ya taɓa raba wa masu hannun jari ribar da ta haura kashi 20 cikin 100 a shekara guda, labari ya bazu, kowa ya ce da shi za a yi.

A nan ne aka shigo da wata al'ada wadda ita ce tushen ɓarnar, wato sayen garke bisa lissafin littafi. Tun da shanun suna warwatse a dajin da ya fi wata lardi girma, ba mai son wahalar ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Sai a duba yawan maruƙan da littafi ya ce an yi wa tambari, a ninka da huɗu ko biyar, a ce ga adadin garke. Waɗanda sanyi ya kashe, da waɗanda kyarkeci ya ci, da waɗanda ɓarayi suka kora, duk suna nan da ransu a littafi. Mai saye yana zaune a Sikotlan, ya biya kuɗin shanun da bai gani ba, banki kuma ya ba da rance a kansu. Cinikin biri a sama ke nan, amma da hatimi da sa hannun lauya.

Ba wai ba a yi gargaɗi ba. Tun 1878 John Wesley Powell, masanin ƙasa na gwamnati, ya kai wa majalisar dokoki rahoto cewa yawancin yammacin ƙasar ba ya samun ruwan sama da ya kai inci 20 a shekara, saboda haka ba zai ɗauki irin noma da kiwon da aka saba a gabas ba. Dokar rabon filaye ta 1862 tana ba magidanci eka 160 idan ya zauna a kai shekara biyar. Powell ya ce a busasshiyar ƙasa mai kiwo yana bukatar eka 2,560, kuma a raba ƙasar bisa inda ruwa yake. Majalisa ba ta saurare shi ba, domin babu ɗan siyasar da ke son a ce mazaɓarsa hamada ce.

Sauran alamun kuma suka biyo. Shanu sun yi wa ciyawa yawa. Farashi a Shikago, wanda ya haura dala 9 a kan kowane nauyin laba 100 a 1882, ya fara gangarowa. A 1885 Shugaba Grover Cleveland ya umarci makiyaya su kwashe shanu kimanin 200,000 daga ƙasar ƙabilun Cheyenne da Arapaho cikin kwana 40, aka tura su filayen da dama sun cika. Hunturun 1885 ya yi ɓarna a filayen kudu, sai masu dukiya suka ƙara koro garkuna arewa. Daminar 1886 kuwa ba ta yi ba. Rafuka suka ƙafe, gobarar daji ta lashe abin da ya rage, shanu suka shiga hunturu a rame.

Hunturun

Dusar ƙanƙara ta fara zuba a watan Nuwamba, da wuri fiye da yadda aka saba. A Disamba aka ɗan sami sassauci, saman dusar ya narke, sannan sanyi ya dawo ya daskarar da shi ya zama ɓawo mai tauri kamar gilashi. Saniya ba ta iya fasa shi ta kai ga ciyawa, in ta matsa sai ya yanke mata hanci da ƙafafu. A ranar 9 ga Janairu 1887 wata guguwa ta taso, sanyi ya kai digo 40 ƙasa da sifiri, a wasu wuraren ya wuce. Shanu suka juya wa iska baya suna tafiya har suka ci karo da shinge ko kwari, suka taru a nan suka mutu a kan juna. Waɗanda suka kai garuruwa sun ci ɓawon itatuwa da takardar kwalta da ake lulluɓe ɗakuna da ita. Iskar ɗumi da ake jira ba ta zo ba sai farkon Maris, kuma da ta zo, koguna suka cika suna gangarowa da mushe.

Bayan sanyi sai bankuna. Masu bin bashi suka matsa, makiyaya suka tura ragowar ramammun shanunsu kasuwa a lokaci guda, farashi ya faɗo ƙasa da dala 3. Alexander Swan, wanda kamfanin Sikotlan mai ɗauke da sunansa yake cikin mafi girma a Wayomin, ya karye a watan Mayun 1887, masu jarin kuma suka kai ƙara kotu suna cewa an sayar musu da shanun da ba su taɓa wanzuwa ba. Hunturun ya zame wa manajoji da yawa mafaka, domin duk gibin da ke tsakanin littafi da daji sai aka ɗora wa dusar ƙanƙara. Saboda haka wasu masana suke ganin alƙaluman asarar sun haɗa har da shanun da tun asali a takarda kawai suke.

Granville Stuart, ɗaya daga cikin dattawan makiyayan Montana, ya bar sana'ar bayan abin da ya gani, daga baya ya zama jakadan Amurka a Yurugwai da Faragwai. Wani basaraken Faransa, Marquis de Morès, wanda ya kafa garin Medora a Dakota a 1883 ya gina mayanka don ya ƙwace kasuwa daga hannun mahautan Shikago, shi tun kafin sanyin ya rufe masana'antar. Ya koma gida ya shiga siyasa, ajali kuma ya same shi a 1896 a cikin Sahara, a hannun 'yan rakiyar da ya ɗauka. Maƙwabcinsa a Medora, wani saurayi ɗan Niyok mai suna Theodore Roosevelt, ya zo farauta a 1883 ya zuba dala 14,000 a shanu, ya dawo a 1884 bayan matarsa da mahaifiyarsa sun rasu rana ɗaya, ya ƙara jari har ya kai kimanin dala 80,000. Fiye da rabin garkensa ya tafi a wannan hunturu, ya sayar da ragowar a 1898. Kuɗin bai dawo ba, amma darasin ya bi shi har fadar shugaban ƙasa: a zamanin mulkinsa, a 1906, aka fara karɓar kuɗin kiwo a gandun dajin gwamnati.

Waɗanda suka miƙe

Conrad Kohrs abokin tarayyar Stuart ne a kamfani guda, saboda haka ruwan da ya doki wannan shi ya doki wancan. Haifaffen yankin Holstein ne a arewacin Jamus ta yau, ya iso Montana a 1862 ba shi da komai, ya fara da fawa a sansanonin masu haƙar zinariya. Ya san nama tun daga wuƙa, ya kuma san sa da ido. A 1866 ya sayi gandu a kwarin Deer Lodge, inda duwatsu ke tare iska, a nan ya ajiye zaɓaɓɓun shanunsa na iri, yana yanka musu ciyawa yana tarawa tun kafin abin ya zama dole. Manyan garkunansa da ke sake a filayen gabas sun sha kashi kamar na kowa. Na cikin kwarin suka tsira, kuma su ne irin da ya sake shukawa.

Abu na biyu da ya rage masa shi ne mutunci. Wani mai banki a garin Butte, A. J. Davis, ya ba shi rancen dala 100,000 a daidai lokacin da ba mai son jin sunan saniya. Ba a ba da irin wannan rance don mutum yana da fara'a. An ba shi ne don an yi shekara ashirin ana hulɗa da shi ba a ji kansa ba. Cikin 'yan shekaru ya biya, ya koma yana tura shanu 8,000 zuwa 10,000 Shikago a kowace shekara. Da manoma suka fara cika filayen bayan 1910, bai tsaya jayayya da zamani ba, ya riƙa sayar da makiyayarsa sannu a hankali, ya kammala kafin farin 1919 ya iso. Gidan gandun nasa yanzu wurin tarihi ne a hannun hukumar kula da wuraren shaƙatawa ta ƙasa.

Pierre Wibaux ya bi wata hanyar. Ɗan gidan masu masaƙa ne a Roubaix ta ƙasar Faransa, ya bar gadon gida ya zo gabashin Montana a 1883, ya fara zama a ɗakin da aka haƙa a jikin tudu. Da kowa ya shiga neman mai saye a 1887, shi sai ya samo jari daga gida ya shiga saye. Dalilinsa a bayyane yake. Duk saniyar da ta ga ƙarshen wannan sanyi ta nuna ƙarfin jininta. Ciyawa, wadda bakunan da ke cinta suka ragu, ga kuma danshin dusar da ta narke, za ta dawo da ƙarfi. Farashi kuma ba shi da sauran inda zai faɗa. Faɗuwar wani tashin wani. A shekarun 1890 garkensa ya kai wajen 65,000, ya zama shugaban banki a Miles City, har yau akwai gari da gunduma masu sunansa. Amma kada mai karatu ya manta cewa Wibaux yana da inda zai miƙa hannu. Akwai ƙananan makiyaya da yawa da suka hango abin da ya hango, ba su da ko sisin da za su saya.

Kamfanin Matador na Dundee, wanda aka kafa a 1882, shi haƙurin masu jarinsa ne ya cece shi. Sun jure shekarun da riba ba ta taka kara ta karya ba, suka naɗa Murdo Mackenzie manaja a 1891. Ya tsaya a kan ƙirga na gaskiya, ya zuba bijimai na irin Hereford, ya riƙa haifar maruƙa a Teksas yana kai su filayen haya a arewa su yi ƙiba. Kamfanin ya rayu har 1951, aka sayar da shi kusan dala miliyan 19. A can kudancin Teksas kuma, inda abokan gaba su ne fari da kaska, Henrietta King ta gaji gandun mijinta a 1885 tare da bashin dala 500,000. Ita da surukinta Robert Kleberg suka biya bashin, suka yi ta haƙa har suka sami ruwa mai tsartuwa daga ƙarƙashin ƙasa a 1899, suka ba da fili aka kawo layin dogo a 1904. Lokacin da ta rasu a 1925 gandun ya haura eka miliyan ɗaya.

Sana'ar da ta fito daga wannan masifa ba ta da ƙawa irin ta da. Garke ya ragu, iri ya inganta. Waya mai ƙaya, wadda Joseph Glidden ya yi wa rajista a 1874, ta ba mutum damar keɓe makiyayar rani da ta hunturu, ya kuma hana bijimin banza haye masa shanu. Famfo mai aiki da iska ya kai ruwa inda ba rafi. Gandun XIT na Teksas, mai eka miliyan 3, ya kafa fiye da 300. Sama da duka akwai ingirici. Mai gandu ya koyi cewa yawan shanun da zai riƙe ba ciyawar damina ke yanke shi ba, tarin da ya ajiye wa watan Janairu ne. Kaboyi, wanda ke ganin duk aikin da ba a kan doki ake yi ba ƙasƙanci ne, ya sauko ya kama manjagara da haƙar ramin dirka. Da yawa sun ƙi, suka bar sana'ar.

Ƙananan gidaje

Labarin manyan masu jari shi ya fi shiga littattafai, amma yawancin mutanen da suka zauna a wannan daji iyalai ne masu 'yan shanu, a ɗakunan gungume ko na hoge, maƙwabci mafi kusa sai an yi tafiyar rabin yini. Abin da ya fi cin su shi ne kaɗaici, musamman mata. Sun yi masa magani da abin da ke hannu. Ranar yi wa maruƙa tambari takan zama gayya, a yi aiki a ci abinci a yi rawa har asuba, domin ba mai komawa gida cikin dare. Bayan da haƙƙin mallakar wayar tarho na Bell ya ƙare a 1893 da 1894, makiyaya suka riƙa sayen akwatin tarho suna haɗa shi da wayar shingensu, gida goma ko ashirin a layi ɗaya. Ta nan ake kiran ungozoma, ta nan ake jin farashin kasuwa, ta nan kuma kowa ke sauraren hirar kowa.

Muryar da ta fi shahara a cikin waɗannan mutane ita ce ta Elinore Pruitt Stewart. Wankau take yi a birnin Denver, da 'yarta ƙarama, ta amsa tallar neman mai aikin gida a wani gandu a Burntfork ta Wayomin a 1909. Ta yi rajistar eka 160 da sunanta, ta auri mai gandun, ta riƙa rubuta wa tsohuwar uwar ɗakinta wasiƙu. Mujallar Atlantic Monthly ta buga su a 1913, suka fito a littafi a 1914. Abin da ya ja masu karatu shi ne raha da sakin fuskar da ke cikinsu, alhali matar tana tatsa, tana yankan ciyawa da injin da dawaki ke ja, ta kuma binne ɗanta na fari da wannan aure yana jariri. Ra'ayinta shi ne macen da ke wanke kayan wasu a birni gara ta zo ta yi wa kanta wahala a ƙasarta.

Masu bincike daga baya sun gano cewa ta ɗan gyara labarin. Filin da ta yi rajista ba ita ta cika sharuɗɗansa ba, ta sake shi a 1912 surukarta ta karɓa, don kada dokar da ta shafi ma'aurata ta raba iyalin da shi. Wannan bai rage mata komai ba a idon ɗan kasuwa, sai ma ya nuna cewa a bayan rahar akwai mai lissafi. Aikin kuma bai bar ta ba: a 1926 dawakin injin yankan ciyawa suka firgita da ita, ta ji raunin da ba ta warke sarai ba har rasuwarta a 1933.

Littafinta ya fito ne a tsakiyar wani sabon zazzaɓin, wanda ya nuna cewa darasin 1887 bai wuce kan waɗanda suka sha shi ba. Tun shekarun 1880 akwai masu yaɗa cewa ruwan sama yana bin garma, wato da zarar an kafta ƙasa sai damina ta gyaru. Dokar 1909 ta ninka rabon fili zuwa eka 320, kamfanonin jirgin ƙasa, musamman Great Northern na James J. Hill, suka cika Amurka da Turai da takardun talla. Dubban iyalai suka sauka a gabashin Montana, aka yi sa'ar 'yan shekaru masu ruwa, yaƙin duniya na farko ya ɗaga farashin alkama, bankuna suka buɗe a kowane ƙauye. Fari ya fara a 1917. Tsakanin 1919 da 1925 gonaki kimanin 11,000 suka zama kufai, aka ƙwace jingina wajen 20,000, bankuna 214 suka rufe, wato fiye da rabin na jihar. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Waɗanda suka rage su ne suka laƙaba wa yankin sunan da ake kiransa da shi har yau a Montana da maƙwabtanta na Kanada, wanda ma'anarsa ita ce ƙasar "sai baɗi". Rabi ba'a ce, rabi aƙida. Mutumin da ƙanƙara ta kwantar wa da amfani, ko fari ya tilasta masa sayar da rabin garke, zai ce baɗi za ta yi kyau, kuma ba yaudarar kansa yake yi ba muddin ya riƙe karsanansa, bai ci irin shuka ba, bai kuma ɓata da banki ba. Wanda ya faɗi wannan kalma ba tare da ko ɗaya daga cikin ukun ba, yawanci baɗin takan same shi a wani gari yana neman aikin lada.

Gwamnati ma daga ƙarshe ta dawo kan maganar Powell, bayan shekara 56. A farin 1934 ta sayi shanu fiye da miliyan 8 daga hannun makiyaya a kan dala 4 zuwa 20 kowane, aka harbe waɗanda ba su ciwuwa, aka raba naman sauran ga mabukata. A wannan shekarar aka kafa dokar kiwo ta Taylor, wadda ta rufe babin kiwon sake: aka yanka filayen gwamnati gunduma gunduma, kowa da takardar izini mai faɗin yawan dabbobin da zai saka da watannin da za su yi. Kuɗin farko sulai ne ƙalilan, santi 5 a kan kowace saniya a wata. A 2024 yana dala 1.35. Fari bai daina zuwa ba. A watan Janairun 2025 shanun Amurka gaba ɗaya miliyan 86.7 ne, adadi mafi ƙanƙanta tun 1951.

Sanyin ma bai daina ba. A farkon Oktoban 2013 wata guguwar dusar ƙanƙara ta auka wa yammacin Dakota ta Kudu, shanu suna makiyayar rani, gashin hunturu bai fito musu ba. Ruwan sama ya fara jiƙa su, sannan iska da dusa suka biyo, dubun dubata suka mutu cikin kwana biyu ko uku. Abin ya zo daidai da lokacin da rikicin kasafin kuɗi ya rufe ofisoshin gwamnatin tarayya, dokar tallafin manoma kuma wa'adinta ya ƙare, saboda haka diyya ba ta fito ba sai a 2014. Kafin nan wasu makiyaya daga Montana suka fara wani abu da duk wanda ya san al'adar habbanaye ta Fulani, inda ake ba wanda ya rasa garke aron saniya ya tayar da nasa, zai gane shi nan take. Kowa ya shiga garkensa ya zaɓi karsana mai ciki, aka loda ɗaruruwansu a manyan motoci, aka kai wa matasan makiyayan da asarar ta fi yi wa illa, kyauta.